Kalmar da Yaya Rufa'i Ya Tsallake

Duk Bebeji an san gidanmu, domin shi ne gidan da ake jin tafi kowace la'asar, ba biki ba suna. Yayana Malam Rufa'i ne mai tafin. Malamin elemantare ne, shi aka ba 'yan aji huɗu ya fara koya musu Turanci, a shekarun nan da ake ta raɗe-raɗin Turawa sun kusa tattara komatsansu. Duk abin da zai koyar gobe sai ya gwada shi yau a tsakar gida, a kan tabarma, da wani tsohon ƙamus da ya samo tun yana makarantar horon malamai. Wai kalmar Turanci ba a haɗiye ta ɗungurungum, sai an karya ta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da tafinta.

Ni Turai ƙanwarsa ce. Aurena ya mutu na dawo gabansa da zama, don haka ba abin da ya wuce ni a gidan. Ina tankaɗe ko ina tsinkar zogale, sai in ji shi: "Fa-ther." Tafi biyu. "Mo-ther." Tafi biyu. Sai ya zaro harshe ya sa tsakanin haƙora kamar wanda tuwo ya ƙona, ya ce ai a nan sirrin yake, duk wanda bai fito da harshe ba "faza" zai ce, Bature kuwa ba zai san da shi ake ba. Na ce masa, "Yaya, yaren da sai mutum ya yi gwalo kafin ya kira ubansa, ai ba yaren arziki ba ne." Ya ce in ji da tankaɗena.

Ɗalibinsa na gida shi ne Ɗanliti. Yaron bai isa shiga makaranta ba, amma a tafi ba a barin sa a baya. Yakan zauna gwiwa da gwiwa da Yaya, ya zaro nasa harshen har ya kusa taɓa haɓa, yawu yana tsartuwa, Yaya yana cewa madalla.

Ɗanliti ɗan Safara'u ne, matar Yaya. Ubansa Habu Bafulatanin Ɗansoshiya ne, mai noma da kiwo, sanƙarau ya ɗauke shi shekarar da cutar ta yi ɓarna, yaron yana shan nono. Safara'u ta gama takaba ta dawo gidan iyayenta a Bebeji, ta yaye, Yaya ya aure ta, ta tare da yaron a goye. Mutane suna ce wa irinsa agola. A gidanmu sau ɗaya na taɓa jin kalmar, daga bakin wata maƙwabciya da ta shigo aron turmi, kuma na tabbatar ba ta sake sha'awar turminmu ba.

Ɗanliti Baba yake ce wa Yaya, ni kuma Gwaggo. Allah bai ba Yaya da Safara'u wata haihuwar ba. Safara'u kuwa, da yake ɗan fari ne, kunya ba ta barin ta ta kama sunansa ko ta ja shi a jiki a gaban mutane, "yaron nan" take cewa, tana kawar da kai. Saboda haka duk wani rarrashi a kan Yaya ya faɗa. Shi ke cire masa ƙaya, shi ke busa masa kunu, shi ya yi zaman jinyarsa lokacin da ya yi ƙyanda har ya rame ya fi mai ciwon. Dangin uban sukan leƙo jefi-jefi. Ladan, ƙanin marigayi Habu, yakan zo da salla da ƙwaryar man shanu, ya shafa kan yaron, ya yi wa Yaya godiya, ya koma. Ba wanda ya taɓa tayar da zancen karɓar sa, mu ma muka saki jiki.

Wata rana Yaya yana kan darasin dangi, ya yi uwa ya yi uba, ya yi wa ya yi ƙani, har da kawu, sai tsokana ta motsa mini. Na ce, "To malamin Turawa, mijin uwa fa, me suke ce masa?" Ya rufe ƙamus ya ce wannan ba ta cikin darasin 'yan aji huɗu. Na ga fuskarsa, na ja bakina, abin da ba kasafai nake yi ba.

Da aka gama kaka, gero ya shiga rumbu, sanyi ya sauka, sai iyayen yara a unguwarmu suka haɗu suka tsai da ranar kaciya. Ɗanliti ya kai, sa'o'insa duk a bana za a yi musu. Yaya ya ɗauki abin da zafi kamar shi za a naɗa wa sarauta. Shi ya je ya yi magana da Sabo wanzami, shi ya ba da zaurenmu na baya a kwantar da yaran, ya sa aka zuba sabon yashi. Ya tara kaji har muka rasa wurin taka ƙafa. Ya aika da goro ga 'yan'uwanmu na Kiru, ya aika wa liman, ya aika wa malaman makaranta, har wani abokinsa da ke Tudun Wada sai da goro ya same shi. Ranar da aka yi, shi ya riƙe yaron. Da Ɗanliti ya ƙwalla ƙara, Yaya ne ya fito yana share ido da hannun riga, wai hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba.

Aiki ya yi kyau. Yara suna kwance a jere, kowanne da kara tsakanin gwiwoyi, ana ta ɗura musu romo da fura. Dangi suna shigowa barka, kowa da ɗan abinsa a hannu.

Ana cikin haka wata safiya aka yi sallama a zauren ƙofar gida. Ladan ne, da sandarsa da malfarsa, ba ƙwarya a hannu. Na kai ruwa, na dawo na tsaya bayan katanga, domin ni ban ga laifin kunne ba in dai a gidanmu ne. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi shanu aka tambayi makaranta. Sannan Ladan ya ce, "Malam, barka da arziki. Na ji an yi wa yaro shayi."

Yaya ya ce, "An yi, alhamdu lillahi. Wanzami ya ce hannu ya yi kyau."

"A kasuwar Kafin Maiyaki na ji. Ina tsaye ina cinikin kanwa, wani mutum da ban san sunansa ba ya ce mini barka. Na ce barka da me? Mutane suka juyo suna kallona."

Ni kaina a bayan katanga sai da na dafe ƙirji. Goro ya je Kiru, ya je Tudun Wada, bai je Ɗansoshiya ba. Kaciyar yaro kuwa ta dangin uba ce, su ke sa rana, su ke kiran wanzami, ko aƙalla a je a nemi izininsu. Yaron goye ma ya san wannan, balle malamin da ke koyar da 'ya'yan mutane.

Yaya ya ce, "Wallahi Ladan ba raini ba ne. Mantawa na yi."

Ladan ya ce, "Na yarda, Malam. Da raini ne da ya zo da sauƙi, sai mu yi faɗa mu shirya. Ka manta ne don ka daina ganin ɗan wani ne. In kai babba ka manta, shi ma zai manta. Shi ya sa na zo."

Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, domin da ya yi ihu da na samu ƙofar shiga. Ya ce ba zai ɗauki yaro da ciwo ba. Rani ya kawo kai, shanu za su gangara wajen Doguwa neman ciyawa, amma zai ɗan jinkirta. Ranar da yaro ya warke zai zo ya tafi da shi gidan ubansa. Ya leƙa zauren baya ya gai da Ɗanliti, ya sa masa albarka, ya fita bai taɓa ruwan da na kai ba.

Na shiga ɗakin Safara'u na same ta zaune a bakin gado, hannu a cinya. Na ce, "Ke ma kin manta?" Ta ce, "Na tuna, Turai. Tun ranar da ya fara rabon goro nake tunawa. Amma da wane baki zan yi masa zancen yaron nan? Da wane baki zan ambaci gidan wancan mijin a gaban wannan?" Na buɗe baki zan zazzaga mata, sai na ga yadda take murza gefen zaninta, na fasa. An tarbiyyantar da ita ta yi kunya, ta yi, ga abin da kunyar ta jawo mata.

Yaya ya je wurin liman, ya je wurin dagaci. Maganarsu ɗaya ce: ya je ya ba da haƙuri. In sun bar masa yaron, alheri suka yi, in sun ƙi, ba shi da ta cewa, kuma ba wanda zai tsaya masa. Ya sayi goro mai kyau, ya ce in shirya in raka shi, tunda akwai tsohuwa a can, kakar yaron, mace ce za ta fi shiga wurinta. Muka bi motar gyaɗa zuwa Kafin Maiyaki, daga nan muka taka. Duk tsawon hanya ina wasa bakina. Na shirya tambayar su ina suke lokacin ƙyanda, ina suke lokacin da yaro ke kuka da haƙori.

Ko ɗaya ban faɗa ba. Inna, mahaifiyar Habu, na same ta a ƙofar bukka tana shan hantsi, ta tsufa tukuf, idon ya yi fari, tari yana sarƙe ta tsakanin magana. Ta riƙe hannuna ta yi ta godiya, wai an gaya mata yaron ya yi ɓulɓul, Allah ya saka mana. Sannan ta lalubo wani ƙunshi daga cikin faifai ta kwance. Bante ne ɗan ƙarami, fari sol. Ita ta kaɗa zaren da hannunta tun idonta na gani, ta ba masaƙi.

Ta ce, "Kowace kaka sai in ce bana ne za a aiko. Zakara nake kiwo saboda ranar, in ya tsufa in ba da shi a yanka in kama wani. Ban yi fushi ba, 'yar nan. Sai dai jinin Habu ya zuba a ƙasa, ina nan zaune ina tsinkar auduga ban sani ba." Ta yi tari mai tsawo. "Ba na gani sosai. Ina so in shafa kansa, in ji ko irin na ubansa ne, kafin in bi uban."

To me zan ce? Na zauna ina kallon bante.

A waje Yaya ya durƙusa wa Ladan, alhali Yaya ya girme shi nesa ba kusa ba. Ya roƙa a bar yaron ya shiga makaranta, duk hutu shi da kansa zai kawo shi. Ladan ya ɗaga shi ya ce, "Tashi, Malam, kada ka ɗora mini nauyi. Shanun ubansa suna nan, ba su san muryarsa ba. Ya zo ya san su, ya san mu. In ya yi wayo ba mai ɗaure masa ƙafa, ya san hanyar Bebeji." Suka karɓi goron, suka ba mu nono, suka raka mu har bakin rafi. Da mutunci suka hana mu, ba abin da za ka kama ka yi fushi da shi.

Muka dawo, gida ya zama wani iri. Kowa ya shigo sai ya ce Allah ya ba yara lafiya, mu amsa da amin. Ban taɓa jin haushin magani don ya yi aiki ba sai a lokacin. Garin bagaruwar nan da Sabo ya bari kamar da gayya yake kamawa. Yaya ne ke wanke yaron da ruwan ɗumi kowace safiya kafin ya tafi makaranta, kuma bai taɓa yin ha'inci ba, yana wankewa yana barbaɗa magani yadda aka ce. In ya fito sai in tambaye shi da ido, shi kuma ya ce, "Da sauƙi," kamar mai ba da labarin rasuwa. Tafin la'asar ya tsaya. Maƙwabta har tambaya suke ko Malam ba shi da lafiya.

Yara suka fara warkewa ana kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Wata la'asar aka fito da Ɗanliti ƙarƙashin rumfa ya sha iska, Yaya yana gefensa yana gyara masa matashi, ni ina ɓare gyaɗa. Sai yaron ya ce, "Baba, Bala ya ce wai Baffa Ladan zai tafi da ni." Bala ɗan maƙwabta ne da aka yi musu kaciya tare, bakinsa ba ya riƙe komai, gadon uwarsa ya yi.

Yaya ya ce, "Haka ne. In ka warke."

"Ya ce wai kai ba babana ba ne."

"Babanka Habu ne, Allah ya ji ƙansa. Ai ka sani, na sha gaya maka."

"Na sani." Ya shiga wasa da yashi. Ya san zancen, amma irin sanin da yaro ke yi wa abin da bai taɓa yi masa ciwo ba. Can ya ce, "Baffa Ladan da Turanci uncle ne ko?" Ya tafa sau biyu. Yaya ya ce haka ne. Yaron ya ce, "To kai mene ne?"

Na ɗauka zai ce ba ta cikin darasi. Sai ya ce, "Turai, miƙo mini ƙamus." Na kawo. Bai yi wani lalube ba, kai tsaye ya buɗe wurin, na gane ya sha zuwa nan shi kaɗai. Ya ajiye littafin a cinya, ya ɗaga hannuwa.

"Step-fa-ther." Tafi uku.

Ɗanliti ya ce, "Sitef-faza."

"A'a, ba 'si' a ciki. Da huci za ka fara, ssss, kada ka buɗe baki, sai ka faɗa kan 't'. A ƙarshen gaɓar ka haɗe leɓɓanka gam. Step."

"Sss-tep."

"Yauwa. Ita ta farkon ake dannawa, sauran biyun su biyo ta a hankali. Su kuma ka riga ka iya su. Fito da harshe."

Yaron ya fito da harshe ya faɗa, ya tafa, ta fita daidai. Yaya ya ce madalla, amma ba irin madallar da na saba ji ba ce. Ɗanliti ya ce, "Me ya sa aka ƙara ɗaya a gaba?"

Yaya ya shafa shafin da tafin hannu. Ya ce, "Da ina zaton daga kalmarsu ta taku aka samo ta, wato mutum ya tako ya tsaya a gurbin wani. Ashe ba haka ba ne. Ƙamus ya ce tsohuwar kalma ce ta kakannin kakanninsu, su kansu Turawan yanzu sun daina amfani da ita ita kaɗai. Ma'anarta wanda ya yi rashi, wanda aka raba da nasa. Da can maraya ake kira da ita. Daga baya sai suka liƙa ta a gaban sunan mutumin da ya auri uwar maraya."

Yaron ya yi ɗan tunani ya ce, "Ni ba na son ta. Mai biyun ta fi daɗi." Ya tafa sau biyu yana kallon Yaya, yana jira ya tafa tare da shi yadda suka saba. Hannuwan Yaya suna kan ƙamus, ba su tashi ba.

Na kwashi gyaɗata na shige madafi, na yi kuka har da majina. Na tsani kalmar nan. Tun daga tushenta da rashi aka gina ta, ba a kiran mutum da ita sai wani ya mutu. Sannan na tuna mu namu yaren ko suna bai ba shi ba, mijin uwa kawai, kamar wani baƙo da ya zo wucewa. Mutumin da ya san wace ƙafa ce yaron ke fara sawa a wando, ya san ba ya cin tuwo sai an yi masa rami a tsakiya an zuba miya.

Daga ranar Ɗanliti ya sake salon tafiyarsa. A da ya fara takawa sosai, har yana bin kaji. Yanzu sai ya fito yana buɗa ƙafafu, yana dafa bango, yana yamutsa fuska, in an tambaye shi ya ce da zafi. In ya ɗauka ba mai kallo kuwa, na sha hango shi ta kafar zana yana tsalle daga kan turmi. Ban tona shi ba. Har ƙara masa nake, in ce sannu ɗan Gwaggo, taka a hankali. Yaya da ke wanke shi ya fi kowa sanin gaskiya, shi ma bai ce komai ba. Sabo wanzami kuwa ya tafi ƙauyukan Tudun Wada yin wata kaciyar, ba mai zuwa ya duba.

Ladan ya dawo wata safiya da jaki, an shimfiɗa masa buhu da ɗan bargo. Wannan karon har tsakar gida Yaya ya shigo da shi. Safara'u tana bayan ɗaki tana daka, ba ta fito ba, sai ƙarar taɓarya. Ladan ya miƙo mini ƙunshin banten nan, ya ce in ji Inna. Na tambayi jikinta, ya ce sai addu'a, tarin ya kwantar da ita, ba ta fitowa hantsi yanzu. Za a bar ta a Ɗansoshiya da matarsa, so yake ya kai mata yaron ya kwana biyu a wurinta kafin su bi shanu.

Aka kira Ɗanliti. Ya fito daga ɗaki yana jan ƙafa, ƙafafu a wage, yana cije leɓe, yana nishi. Wallahi ya iya, ni kaina da na san komai sai da tausayi ya kama ni. Ya gai da baffansa daga tsaye, wai ba ya iya durƙusawa.

Ladan ya dube shi, ya dubi Yaya. Ya ce, "Malam, ni ba zan buɗe yaro in duba ba. Kai ke wanke shi, maganarka ta ishe ni. Shanu sun ƙi jira, ciyawa ta ƙare, jibi za mu tashi. In ka ce bai warke ba, zan tafi in bar shi, sai da damina in Allah ya dawo da mu. In ka ce ya warke, ga jaki."

Da damina! Rani guda cur. Kafin nan an buɗe ɗaukar sababbin ɗalibai, yaro ya shiga aji, magana ta sake. Kalma ɗaya ce kawai, kuma ba wanda zai taɓa sani. Na yi gyaran murya, na sake yi, na zuba wa Yaya ido har idona ya yi zafi. A raina ina cewa, faɗi mana, bawan Allah, sau ɗaya dai a rayuwarka ka yi ƙarya, ni zan ɗauki zunubin. Ƙarar taɓarya ta tsaya a bayan ɗaki. Ɗanliti ya ƙara wage ƙafa, ya ɗaga kai yana kallon Babansa, fuskar nan cike da yarda, domin a saninsa tare suke wannan wasan.

Yaya ya dubi ƙunshin banten da ke hannuna. Ya daɗe yana kallon sa. Na san abin da yake gani, tsohuwar nan ce da ba za ta kai damina ba, ni ma na sani, amma a lokacin ban damu ba, kuma ba zan ce na damu ba.

Ya ce, "Ya warke."

Ladan ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam."

Ɗanliti bai yi kuka ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ci gaba da kallon Yaya, sannan a hankali ya haɗe ƙafafunsa ya miƙe tsaye sosai. Na ja shi ɗaki na ɗaura masa banten kakarsa, na sa masa sabuwar rigar da Yaya ya ɗinka masa ta fitar kaciya, na ƙulle sauran kayansa a ɗankwali. Shi kuwa ƙiƙam kamar icce. Na kai shi bayan ɗaki wurin uwarsa. Ta dafa kansa, ta ce, "Ka yi wa Inna biyayya," ta juya ta ɗauki taɓarya, ta riƙe ta ba ta daka ba.

A ƙofar gida Yaya ya sunkuya zai ɗaga shi ya ɗora a jaki. Yaron ya goce, ya zagaya ta ɗaya gefen, ya miƙa wa Ladan hannu. Ladan ya ɗora shi. Ɗanliti ya ce, "Gwaggo, sai wata rana." Ni kaɗai ya ce wa. Jaki ya kama hanyar Kafin Maiyaki, muna tsaye har suka sha kwanar masallaci, bai waiwayo ba.

Yaya ya koma zaure ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba. An daɗe da kaɗa ƙararrawar makaranta. Na zo da niyyar in faɗa masa maganar da ke cina, in tambaye shi gaskiyar da ta raba shi da ɗansa me ta tsinana masa. Kafin in buɗe baki ya ce, "Turai, ya ɗauka korar sa na yi."

Na ce, "Zai gane in ya girma."

Ya ce, "Kafin ya girma fa?"

Ya ce in ba shi ruwa. Na kawo a moɗa, ya karɓa ya riƙe da hannu biyu, har na gaji da tsayuwa na koma ciki bai sha ba.